Sawun Toka

Ba takarda ce ta kafa mu ba.
Wata Asabar ce, bayan la'asar,
likita ya ce wa Nomau tumbinsa ya isa haka,
in bai rage ba zuciya za ta yi masa yaji.
Sai ya ja Kosi, makaniken nan ɗan Togo,
ya ja Barmo mai awon gyaɗa, ya ja ni,
muka gangara Gulbi da takalman roba
muna nishi kamar jakunan gishiri.

Kosi ne ya zo da labarin.
Wai can bakin teku, inda ya koyi kama sifana,
mutum guda kan riga kowa fita, zomo ake ce masa,
yana yayyafa garin alkama bisa hanya,
saura su bi, su ɓata, su dawo, su sha giya.
Barmo ya tsaya cak.
"Gari? A ƙasa? A Maraɗi?
Uwata ta ga shekarar da aka tona gidan tururuwa.
Wanda ya zubar da gari, ni da shi sai lahira."

Shi ya sa muke bin toka.
Tokar murhun Cima mai ƙosai,
tiya biyu kowane mako, ba ta karɓar ko dala,
ladanta a faɗa mata wa ya kife a laka.

Ɗigo uku, kana kan hanya.
Zobe, nemi da kanka.
Gicciye, zomo ya yi maka dariya, koma baya.
Wanda ya ga sawu ya ɗaga murya, "Ga ta! Ga ta!"
sai amo ya bi ta cikin rogo da zogale,
ya ratsa lambunan Jiratawa,
inda wani tsoho ya jingine fartanya
ya tambaye mu da gaske, "Me kuka sata?"

Yanzu mun haura talatin.
Akwai malamar lakwal, akwai mai gyaran salula,
akwai ungozoma da ke wuce maza a hawan tudu.
Kowa da sunan da bai zaɓa ba:
Rediyo Ba Batir, Kwana Casa'in, Ruwa Ya Ci Gada.
Mai sabon takalmi sai ya tsoma shi a gulbi,
ba a zuwa mana da ƙafa mai ƙyalli.

Ƙarshen sawu kullum tsamiyar bayan garejin Kosi.
Buhu biyu jiƙaƙƙu na jira a inuwa,
ɗaya kwalaben giya masu gumi,
ɗaya zoɓo da lemun citta.
Kofunanmu na silba ne, ba a ganin cikinsu,
doka kuwa guda ce, ta fi kowace tsufa:
ba a leƙa kofin wani.
In an kira magariba masu tashi su tashi,
masu zama su rage murya.

Wata damina ruwa ya wanke tokar tas,
muka bi zato har fitilun Tibiri,
muka dawo bisa amalanken wani yaro, jiƙe, muna rantsuwa.
Nomau kaɗai bai ɓata ba.
Bai taɓa saurin da zai kai shi ɓata ba.

Shekara bakwai yana zuwa na ƙarshe,
muna tsaye da ƙishi, ba mai buɗe kwalba,
sai mun hango farar hularsa tana tangaɗi cikin gero.
Zuciyar ta ba shi bakwai ɗin nan, sannan ta yi yajinta.

Takalmansa na rataye a reshen tsamiya,
rana ta cinye igiyar ƙafar hagu.
Baƙo kan tambaya don me na baya ke fara sha.
Barmo kan ce, "Haka muka tarar,"
alhali yana wurin,
sai ya juya yana duban hanya.